Wai ya ake yi magena take sanin lokacin abincinta ya kusa?

Uwar_Mage:

Salam jama'a. Dan Allah ina da wata tambaya da ta dade tana damuna, kar a yi min dariya. Ina da mage, shekararta biyu da wani abu a hannuna, kuma tun tana 'yar mitsitsiya na saba mata da abinci sau biyu, karfe 6 na safe kafin in fita aiki sai kuma 6 na yamma in na dawo. To matsalar ita ce tun wajen biyar da minti ashirin take fara tashina, na sha duba waya in ga 5:20, 5:25, in ta makara sosai 5:30. Da farko zirga-zirga za ta fara tsakanin bakin gado da inda kwanonta yake kana jin karar faratanta a kasa, in ban motsa ba sai ta haye kirjina ta zauna ta zuba min ido, in na ja bargo na rufe fuska sai ta sa kafar gaba tana dan taba hancina ta saman bargon a hankali kamar mai kwankwasa kofa. Wlh har haushi take ba ni har dariya.

Da na zaci alam din wayata take ji, sai na kashe shi sati guda, ba abin da ya canza, ita ce ma ta zama alam din. Na ce to ko hasken gari take gani, na sa labule mai kauri dakin ya yi dundum, duk a banza. Abin da ya daure min kai gaba daya shi ne wata Juma'a da daddare na ce yau sai na yi barcin safe ko ana ha maza ha mata, wajen sha biyun dare na cika mata kwano fal ta ci ta koshi har ta bar saura. 5:25 na yi sai ga ta a kirjina. Na tashi cikin fushi na bi ta, ga abinci nan a kwano, ta dan lasa sau biyu ta juya ta yi tafiyarta.

Maigidana ya ce yunwa ce kawai ina neman dogon turanci inda babu, to amma mai yunwa zai bar abinci a kwano? Masu ilimin abin nan a taimaka, agogo ne da ita a ciki ko me?

Sarkin_Gardama:

Wslm Hajiya. Gaskiya ni ina bayan maigidanki, ba wai don mu maza muna kare juna ba. Ciki ne, in ya yi awa goma sha daya ba komai a cikinsa dole ya yi kara, kuma tunda kullum 6 na yamma take ci kullum wajen biyar na safe zai kwashe. Sai kuma sabo. Ke kin kashe alam kin rufe labule kina ganin kin toshe komai, amma mage tana jin abin da ba kya ji, tsuntsu ya fara kuka a waje, makoci ya tada mota, famfo ya fara zuba a wani gida, ke kanki in asuba ta kawo barcinki yana yin sama-sama kina juyi numfashinki ya canza, duk tana lura. Wannan ai tsohon zance ne tun zamanin Pavlov dan Rasha da karnukansa, a hada wata kara da abinci sau da yawa, daga baya kara kadai ta isa kare ya fara dalalar da miyau. Kar ki manta kuma ita mage dama asuba da faduwar rana ne lokacin farautarta.

Batun daren Juma'a kuwa, ba abinci ta zo nema ba, ke ta zo nema, ta saba in ta hau kirjinki kina tashi ki bi ta. Ke kika horar da ita ko ita ta horar da ke, wannan kuma sai ku sasanta tsakaninku.

Zancen agogo a ciki dai an ce da kare ana biki a gidansu ya ce in gani a kasa.

Malamin_Bayoloji:

Malam Sarkin_Gardama ka kama rabin gaskiya, amma tunda ka ce a ƙasa kake son gani bari in ajiye maka a ƙasa. Duk abin da ka lissafa yana aiki a kan mage a cikin gida, ban musa ba. Sai dai masu bincike sun riga sun yi wannan gardamar taka tun tuni, kuma a kan ɓeraye suka warware ta, don shi ɓera za ka iya rufe shi a ɗakin da babu tsuntsu babu maƙoci babu famfo.

Wani Curt Richter a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ne ya fara rubuta abin a 1922. Ya lura in ana ba ɓera abinci sau ɗaya tak a rana a lokaci guda, sai ya fara kai-kawo sosai kafin lokacin ya yi. Yadda ake gwajin a yanzu, ana saka masa wata taya a cikin keji da yake shiga yana gudu tana juyawa, kwamfuta na ƙirga juyin. Ɓera dabbar dare ce, da rana barci yake. Sai a ɗauke abinci, a riƙa kawo shi na awa biyu ko uku kacal da tsakar rana, daidai lokacin da ya kamata yana sheƙa barci. Cikin 'yan kwanaki za ka ga awa biyu zuwa uku kafin abincin ya iso ya farka ya hau taya yana gudu kamar ana korarsa. Kuma ba gudun kaɗai ba, zafin jikinsa yana hawa, sinadarin da ke zaburar da jiki yana ƙaruwa a jini, hanji yana shirya ruwan narkar da abinci. Jiki gaba ɗaya ya yi shimfiɗa yana jiran baƙo.

Yanzu ga inda zancen yunwa ke faɗuwa. A hana shi abincin gaba ɗaya kwana biyu ko uku. In yunwa ce ke sa shi gudu, ai kamata ya yi gudun ya yi ta ƙaruwa ba tsayawa tunda yunwar ƙaruwa take. Amma ba haka ake gani ba. Zai yi gudunsa kafin lokacin, lokaci ya wuce ba abinci, sai ya haƙura ya lafa. Washegari daidai wannan lokacin sai ya sake tashi. Yunwa ba ta tafiya ta dawo a kan lokaci, abin da ke zagayowa ne kaɗai yake haka.

Na biyu, kuma wannan ne ya fi burge ni. In ka ce to ƙirga awanni yake daga cin ƙarshe, sai a gwada ba shi abinci duk bayan awa 18 ko 19 maimakon 24. Tazarar ba ta canzawa, kullum ita ce, mai ƙirga ya kamata ya gane. Amma ɓera ba ya iya hasashen wannan ko an daɗe ana yi. Sai tazarar ta kusanci awa 24 sannan abin yake kamawa. Wato na'urar da ke cikinsa an ƙera ta ne a kan tsawon kwana ɗaya, tana ɗan miƙuwa tana ɗan tsukewa amma ba ta wuce iyakarta. Haka kuma in ka matsar da lokacin abincin da awanni da yawa a tashi ɗaya, ba ya komawa sabon lokacin nan take, a hankali yake jan jiki kwana bayan kwana har ya iso, irin yadda wanda ya sauka daga doguwar tafiyar jirgi yake fama da barci.

To sai aka ce ai mun san agogon. A 1972 ƙungiyoyi biyu na masu bincike, Stephan da Zucker a gefe guda, Moore da Eichler a ɗaya gefen, sun nuna akwai wani ɗan gurbi a can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, ana taƙaita sunansa da SCN. Ƙwayoyin da ke cikinsa wajen 20,000 ne kacal, kuma shi ne babban agogon da haske ke saita shi, shi ke cewa yanzu dare yanzu rana. In aka lalata shi ɓera ya rikice, ya yi barci ya farka ya sha ruwa ko yaushe ba tsari. Kowa ya ɗauka shi ke nan, a cire wannan sai jiran abinci ma ya tafi. Friedrich Stephan ya gwada a 1979. Ɓerayen da ba su ƙara sanin dare da rana ba, da aka sa musu abinci a kan lokaci, sai ga su suna tashi kafin lokacin tsaf, kamar ba a taɓa su ba. Daga nan aka gane agogo biyu ne aƙalla, ɗaya na haske ɗaya na abinci.

Hajiya Uwar_Mage, gwajinki na daren Juma'a ya yi kama da wannan sosai. Kin kashe yunwar amma ba ki taɓa agogon ba.

MaiZuma:

Kai Malam Allah ya kara basira, na ji dadin wannan. Ni kiwon zuma nake kuma abin da ka fada ina ganinsa da idona kullum, ga shi kudan zuma kwakwalwarsa ba ta kai kan ashana ba balle a ce wayon mage gare shi. Lokacin da furanni suka yi karanci nakan dama musu ruwan suga in ajiye a faranti a kan wani kututture, kuma saboda aikina wajen karfe 4 na yamma nake samun sarari. Bayan kwana uku hudu sai na lura tun uku da rabi sun fara shawagi a kan kututturen, ba faranti ba komai, wasu har sauka suke suna tattaka wurin da kafa suna laluben inda ya saba zama. In ka zo da safe ko daya ba za ka gani ba. Ranar da ban kawo ba suka yi ta zagaye har wajen biyar suka watse, washegari uku da rabi sai ga su.

Da na bi diddigi ashe an dade da sanin wannan. Wani likita dan Suwizalan mai suna Auguste Forel ya rubuta tun wajen 1910 cewa kudan zuma suna zuwa teburin karin kumallonsu a baranda saboda jam, har ya zama suna zuwa a kan lokaci ko ranar da ba a fito da komai ba. Sai wata daliba a Jamus Ingeborg Beling, a karkashin Karl von Frisch mutumin da ya fassara rawar da kudan zuma ke yi, ta dauki abin da gaske a 1929, tana diga wa kowane kuda fenti a baya don ta gane shi, ta horar da su a kan lokaci, ranar gwaji ta bar farantin wayam ta zauna tana rubuta wa ya zo karfe nawa. Kuma irin abin da Malam ya fada na bera, su ma ba su horu a kan awa 19 ba. Masu gardama irin dan uwana na sama suka ce rana suke kallo, aka shiga da su daki mai fitila dare da rana, har ramin hakar gishiri can karkashin kasa an kai su, suna nan a kan bakansu. Aka ce to watakila wani abu suke ji daga juyawar duniya da mu ba ma ji.

Wanda ya kashe bakin kowa shi ne Max Renner a 1955. Ya gina daki iri daya sak guda biyu, daya a Faris daya a Niyu Yok, ya horar da su a na Faris, ya rufe amyar ya saka a jirgi aka tsallaka teku da ita cikin dare aka bude a daya dakin. Suka fito neman abinci a lokacin Faris, awa 24 bayan cinsu na karshe, ba ruwansu da abin da agogon Niyu Yok ke cewa. Da daga waje suke samun labari ai da sun bi na inda suke.

Kuma in ka duba ba don farantina aka yi musu wannan baiwar ba. Furanni ba sa bude shago duk yini, wani da sassafe yake fitar da zakinsa wani sai rana ta daga wani da yamma, kudan da ya san jadawalin kowanne ba zai kona karfinsa yana zuwa kofa a rufe ba.

Sarkin_Gardama:

To na ji, zancen Faris din nan ya dan daure ni ba karya. Na janye rabin maganata, rabin kawai, don har yanzu ina nan a kan cewa magen Hajiya ta raina ta ne. Amma Malam tunda ka ce an cire agogon kwakwalwa abin bai tsaya ba, shi wannan na biyun a ina yake zaune? A tumbi? Nuna min shi kamar yadda ka nuna na farko da adireshinsa da yawan kwayoyinsa.

Malamin_Bayoloji:

Hhh a nan kam ka kama ni, don fiye da shekara arba'in ke nan ana farautarsa kuma duk wanda ya ce ga shi sai wani ya zo ya cire wurin ɓera ya ci gaba da gudunsa.

Tumbi aka fara zargi kamar yadda ka ce. Akwai babbar jijiya da ke kai saƙo tsakanin kayan ciki da ƙwaƙwalwa, aka yanke ta, bai hana ba. Aka toshe jin ƙanshi, bai hana ba. A 1999 wasu masu bincike a Japan suka gano wani sinadari da tumbi ke fitarwa, girelin, wanda ke hawa kafin cin abinci ya sauka bayan an ci, aka ce to ga mai laifi. Da aka samar da ɓerayen da jikinsu ba ya jin wannan sinadarin, gudun ya ragu amma bai ɓace ba. A 2006 wata ƙungiya ta ce wani gurbi ne a ƙwaƙwalwa kusa da wancan na farko, a wannan shekarar dai wata ƙungiyar ta lalata gurbin ta ce namu ɓerayen suna nan suna jira lafiya lau. An sha cacar baki a kan wannan ba kaɗan ba.

Abin da ya tabbata shi ne agogo ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba, kusan kowace ƙwayar jiki tana da nata. Yadda yake aiki a taƙaice, wasu ƙwayoyin gado suna sa a ƙera wani furotin, in ya taru ya yi yawa sai ya koma ya rufe masana'antar da ke ƙera shi, ya lalace a hankali, masana'anta ta sake buɗewa, zagaye ɗaya wajen awa 24. A jikin ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace aka tono wannan, shi ya sa aka ba Hall da Rosbash da Young kyautar Nobel a 2017. To a shekarar 2000 ɗakin binciken Ueli Schibler a Janiba ta Suwizalan ya nuna in ka riƙa ciyar da ɓera da rana kawai, cikin kamar sati guda agogon hantarsa yana juyewa gaba ɗaya, dare ya zama rana, alhali na ƙwaƙwalwa yana nan daram yana bin haske. Hanta ba ta ganin rana, abin da ya shigo mata daga hanji shi ne wayewar garinta. Haka ƙoda da sauran kayan ciki suke biyo baya, sai dai hanta ta fi su saurin juyawa.

Sai kuma wani abin da ya ƙara dagula lissafi, a 2009 Storch da Weitz suka gwada ɓerayen da aka kashe musu waɗannan ƙwayoyin gadon na agogo, suka tarar suna tashi kafin abinci duk da haka. Shi ya sa da yawa yanzu suka karkata ga cewa ba mutum ɗaya ba ne, taron dangi ne, sassa da dama na ƙwaƙwalwa da kayan ciki suna riƙe da lokacin tare, in ka cire ɗaya sauran su rufe gurbinsa. Ni dai wannan ya fi kwanta min, don abin da ran dabba ya rataya a kansa da wuya a bar shi a hannun gurbi guda.

Ɓangaren jin daɗi ma yana da hannu, wato inda sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin ke aiki. Masu bincike a Meziko sun nuna ɓeran da abinci ke gabansa dare da rana, in kana ba shi ɗan guntun cakulan a lokaci guda kullum, sai ya fara tashi yana jiran cakulan ɗin alhali a ƙoshe yake. Wannan ya kai mu ga rabin maganarka da ka ƙi janyewa. Ita magen tana iya yiwuwa ba abincin kaɗai take jira ba, har da buɗe gwangwani da shafa kai da muryar uwar ɗakinta.

Maman_Zomaye:

Ni ban iya wadannan sunayen naku ba amma bari in ba ku nawa. Farkon da na fara kiwon zomo na kusa kashe 'ya'yan da hannuna saboda tausayi. Ta haihu, na yi ta lekawa yini guda ban ga ta shiga wajensu ba ko sau daya, tana can gefe tana cin ganyenta kamar ba ita ta haifa ba, na ce wannan muguwar uwa ce har na fara neman sirinji in ba su madara. Wata da ta riga ni a harkar ce ta ce kul, ki duba cikinsu da safe. Na duba kuwa ga cikunan nan tim kamar an hura.

Ashe zomanya sau daya take shayarwa a kwana, minti uku zuwa biyar ta gama ta fice, dabara ce don kar ta ja hankalin abin da zai cinye su. To su 'ya'yan a makance ake haihuwarsu, sai wajen kwana goma ido ke budewa, suna kwance cikin duhu an lullube su da gashin da uwar ta tsige daga jikinta, ba su san dare ba ba su san rana ba. Amma in lokacin zuwanta ya kusa sai ka ga gashin nan yana motsi, suna turo kai suna fitowa sama su taru wuri daya kowa ya daga baki, da dan abu ya gitta sai su yi ta tsalle kamar gugguru. Dole su shirya tun kafin ta zo don wanda ya tsaya neman hanya a cikin minti ukun nan sai gobe. In ta tafi su sake nutsewa cikin gashi tsit.

Wadannan wace mota suka ji makoci ya tayar Malam Sarkin_Gardama?

Dan_Aikin_Dare:

Ku kuna ta dabbobi ni kaina nake gani a ciki. Shekara hudu ina aikin dare, sati biyu dare sati biyu rana, kuma karfe 2 na dare ake ba mu hutun cin abinci. In na koma zagayen rana kwana uku na farko karfe biyu saura sai in farka cikina yana kugi ko da na ci na koshi kafin in kwanta. In na daure ban ci ba bayan kamar awa daya sai yunwar ta wuce da kanta, abin da da ban gane ba kenan, yunwa ta wuce ba a ci komai ba. Yanzu da Malam ya yi bayanin beran da ke hakura ya lafa na gane ni ne beran.

Na taba karanta wani gwaji da aka yi a jami'ar Surrey ta Ingila a 2017, samari goma aka ajiye aka jinkirta musu duk abincinsu uku da awa biyar, hawa da saukar sugan jininsu ya matsa da sama da awa biyar amma melatonin, sinadarin da ke kawo barci, bai gusa ba. Kenan mu ma abu daya ne da hantar beran can, ciki na bin cokali kai na bin rana, in ka raba musu hanya kai ne a tsakiya. Tun daga nan na daina cin mai nauyi a hutun dare, ina ci sosai kafin in fita sai dan abu mara nauyi a wajen aiki, kuma farkawar nan ta ragu min sosai.

Uwar_Mage:

Kai jama'a na gode kwarai, ban zaci tambayar mage za ta kai mu har Faris ba. Na nuna wa maigidan ya karanta ya ce shi dai yana tare da Sarkin_Gardama a rabin da ya rage.

Na dawo ne in ba ku rahoto don na yi sati biyu ina gwaji. Da Malam ya ce abin a hankali yake matsawa sai na ce bari in bi ta haka maimakon in yi ta fada da ita. Na fara jinkirta na safe da minti goma sha biyar duk bayan kwana biyu har sau uku, kuma na daina tashi daga gado in wuce wajen kwano kai tsaye, sai na yi wanka na shirya tukuna, don in raba tashina da abincinta a kanta. Kwana ukun farko na sha wuya, kuka har da turo kofin ruwa daga kan durowa ya fashe, na toshe kunne na yi kamar na mutu. Yanzu abincin ya koma 7 saura kwata, ita kuma zirga-zirgar ta koma wajen shida da 'yan mintoci, kuma ta rage hawa kirjina, bakin kofar bandaki take zuwa ta zauna tana jira in fito. Wato tazarar nan ta kusan minti arba'in tana nan yadda take, gaba daya abin ne ya matsa tare.

Na yamma ban taba shi ba yana nan karfe 6. Jiya cunkoso ya rike ni ban shigo ba sai bakwai da rabi, diyata ta ce tun biyar da kwata magen ta dasa kanta a bakin kofa tana kallon mariki, wajen bakwai ta gaji ta hau kujera ta kwanta. Da na shigo ko dago kai ba ta yi ba sai da ta ji karar gwangwani.

Maman_Zomaye dan Allah in sun sake haihuwa ki dauko mana bidiyon gashin nan yana motsi, ina son in nuna wa yara.